Wankan da Na Yi wa Goggo

Ba zan rubuta sunana ba, amma duk wanda ya zauna a unguwar Sintali ko Barade a nan Jalingo zai gane ni tun kafin ya kai tsakiyar labarin nan, kuma ban damu ba. Da ku matasa nake magana, musamman masu hannun gyara, waɗanda ake nunawa ana cewa yaron nan duk abin da ya taɓa sai ya tashi. Ni ma haka aka riƙa faɗa a kaina.

A Sintali aka haife ni. Kakana daga Kano ya zo da fatauci, mahaifina kuma gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, a wurinsa na koyi riƙe sukudireba da narka dalma. Da ya rasu ina tsakiyar sakandare, mahaifiyata ta kai ni wurin amininsa, Bappa Hamman, wani dattijon Bafulatani mai shagon buga takardu a Barade. Dogo ne siriri, tsohon akawu tun zamanin tsohuwar jihar Gongola, ba ya fita sai da biro a aljihun gaba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "To, yau an kawo mini Kaɗo." Haka Fulani ke tsokanar Bahaushe, kuma tun daga ranar ban ƙara jin sunana na yanka a bakinsa ba. Shi ya koya mini buga takarda ba tare da duban yatsuna ba, shi yake saya mini takalmin Sallah, kuma in ya sayi fura sai na fara sha ya karɓi saura.

A kusurwar shagon akwai wani tebur da ba a ɗora masa komai sai abu ɗaya, lulluɓe da wani mayafi da marigayiya matarsa, Inna, ta ɗinka da hannu. Kwamfuta ce, amma in ka gan ta sai ka ce akwatin kafinta. Jikinta katako ne, madannanta sun yi kalar haƙorin mai cin goro, ba ta da fuska sai an jona ta da wata 'yar talabijin baƙi da fari, kuma da kaset ake ba ta aiki, irin kaset ɗin waƙa. Wani Bature malamin lissafi da Bappa ya yi wa aikin tafireta a kwalejin horon malamai ne ya zo da ita daga ƙasarsu, da zai koma gida ya bar masa. Bappa ya sa mata suna Goggo.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya yaye mayafin, ya kunna ta, ya zauna yana jira kamar mai jiran babban mutum ya gama alwala. Da haruffa sun fito sai ya ce, "Alhamdu lillahi, Goggo ta kwana jam," wato lafiya da Fillanci. Daga nan sai ya bi jikinta da yatsa yana ba ni labarin tabon da ke kanta. Ga wani baƙin da'ira inda Inna ta taɓa ajiye butar shayi da zafinta, har suka kwana biyu ba sa magana. Ga wani ɗan rami a gefe inda 'yarsa Dija ta ƙwala mata cokali tana rarrafe. Ga sunan Baturen da ya sassaƙa da wuƙa a baya. Na ji labaran nan har na haddace su, na gaji da su.

Wata rana na ce, "Bappa, 'yar wayar nan tawa ta fi Goggo ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba."

Ya ce, "Kai ma ka fi ni gudu, Kaɗo. Amma wa ake zuwa gaisarwa da safe, ni ko kai?"

Lalacewata ba da babban abu ta fara ba. Canjin fotokwafi ne da mutum zai manta, in sa a aljihu in ce ai ya yafe. Daga nan sai filash da aka bari a jikin kwamfuta, sai wayar da aka jona caji aka fita. Akwai ranar da wata mata ta dawo tana neman filash ɗinta, tana ta faɗa. Bappa ya ba ta haƙuri ya biya ta, bai dube ni ba ko sau ɗaya, da yamma kuma ya saya mini shayi da burodi. Da ya mare ni a ranar, wataƙila da ya fi mini sauƙi, amma ni sai na ɗauka bai gane ba.

Wayar farko da na ɗauka ce ta kai ni wurin wani mutum a unguwar Kachalla Sembe, wanda muke kira Oga Mai Fenti, mai sayen kayan sata a bayan wani shagon walda. Shi ya koya mini dokar sana'ar. Ya ce kayan sata ba ya shiga kasuwa sai ya manta da mai shi. A kankare lamba, a cire duk wata alama, a canja murfi, a fesa fenti, har mai kayan ya zo ya taya abinsa bai sani ba. Wannan aikin muke kira wanka. Da yake ina da hannu, ba a daɗe ba na zama gwanin wanka a wurin. Janareto, keken ɗinki, laftof, duk abin da ya biyo ta hannuna sai ya fita ba shi da uwa ba shi da uba. Da rana ina shagon Bappa ina buga wa mutane takardun neman aiki, da la'asar ina can, kuma har alfahari nake yi.

Ana nan sai idon Bappa ya fara ba shi matsala. Ya riƙa miƙo mini takarda yana cewa rubutun ne ya yi ƙanana, ya riƙa karo da bakin ƙofa yana zargin kafinta. Da 'yarsa, Adda Dija, wadda malamar firamare ce, ta matsa aka je asibiti, sai aka ce hawan jinin ido ne. Aka ce sai an fita da shi wajen jihar an yi masa aiki, kuma da gaggawa, don abin da cutar ta cinye ba ya dawowa. Kuɗin da aka faɗa ya fi ƙarfin shagon, ya fi ƙarfin albashinta.

Adda Dija ce ta ɗauki hoton Goggo ta sa a intanet, tana tambaya ko akwai mai sayen irin wannan. Ba a yi mako ba wani mutum ya kira ta, wani injiniya ɗan Arewa da ke zaune a Legas, wanda ke nemo wa wani gidan gwanjo na ƙasar waje tsofaffin na'urori. Mu nan in an ce gwanjo, araha muke nufi. Can kuwa masu kuɗi ne ke zama suna ƙara wa junansu farashi har sai ɗaya ya gaji. Ina shagon lokacin da ta zo ta faɗa wa Bappa.

Ta ce, "Baba, ya ce in ta gaske ce, kuɗinta zai yi maka aikin ido, ya sayi gida a nan Barade, har a samu saura."

Bappa ya ce, "Goggo ba akuya ba ce da za a ja ta kasuwa."

Ta yi ta roƙonsa har ta fashe da kuka. Daga ƙarshe ya tambaya ko mutanen da za su saya za su riƙa kunna ta. Ta ce an ce har ɗaki na musamman suke ware wa irinta. Sai ya ce to, ya yarda. Ta ƙara da cewa Injiniya zai zo da kansa a wata mai kamawa, kuma ya yi kashedi kada a gyara komai a jikinta, ko da ruwa kada a goge ta.

Da na ji wannan kashedin, dariya na yi a raina. Na ce wayon 'yan Legas ne, so yake ya same ta da dattinta ya karya farashi. Ni da na san kasuwa, ina aka taɓa sayen kaya mai tabo da tsada fiye da mai ƙyalli? Kuɗin gida a Barade ya shiga kaina ya zauna. Na riƙa gaya wa kaina cewa in na sayar zan aiko wa Bappa kuɗin aikin ido a ɓoye, kuma na san ƙarya nake yi.

Ranar Juma'a na ɗauke Goggo, ana tsakiyar huɗuba, unguwa babu kowa. Ina da makullin shagon. Na sa ta a buhu da kaset-kaset ɗinta da ɗan littafinta na Turanci, na tari keke mai ƙafa uku. Kafin in fita na yi wani abu da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ɗauko kwalin takarda wanda babu komai a ciki, na ajiye a kan teburin, na lulluɓe shi da mayafin Inna, don na san idonsa ba zai bambance ba. Daga baya Adda Dija ta gaya mini cewa ya dawo daga masallaci, ya zauna, ya yi bismilla ya yaye mayafin, ya riƙa laluben kwalin yana neman makunni.

A bayan shagon walda na yi wa Goggo wankan da ban taɓa yi wa wani kaya ba. Na bi katakon da samfefa har da'irar butar Inna ta ɓace, na cike ramin cokalin, na kankare sunan Baturen, na shafe ta da man ƙyalli na kafintoci. Na wanke madannan har suka yi fari. Da na buɗe cikinta, na ga wata lamba da aka rubuta da hannu da baƙin tawada a jikin koren allon da masu gyara ke kira fanel. Na ce ai ga abin da zai tona mini asiri, na sa fetur na goge ta tas. Tsofaffin kondensa da suka kumbura na cire na sa sababbi, na sake dalma. Kaset-kaset da littafin kuwa, da yake akwai rubutun hannun Baturen a jikinsu, wuta na sa musu. Oga Mai Fenti ya zo ya duba ya ce ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ta ba, na ji daɗi sosai.

Na riga na kwashi lambar Injiniya daga wayar Adda Dija. Na kira shi da sabon layi, na ce ina da irin kwamfutar da yake nema, wadda ta fi ta tsohon nan kyau. Wautata ba ta bar ni na yi tunanin cewa shi ya san da wuya a samu irinta biyu a ƙasar nan, balle a gari ɗaya ba. Ya ce in jira shi, yana tafe.

A ɗakin wani otal muka haɗu da hantsi. Mutum ne mai furfura, mai sanyin magana. Na ɗora ta a tebur na yaye zane ina murmushi. Sai na ga ya sa safar hannu, ya zagaya ta, ya leƙa baya, ya kwance murfin a hankali ya haska da tocila. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Samari, ina lambar da ke nan?"

Na ce, "Datti ne, Yallaɓai, na goge."

Ya zauna a bakin gado ya cire tabarau. Wallahi na ɗauka zagina zai yi, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in zauna, zai gaya mini abin da na yi, don kada in tafi ban sani ba.

Ya ce masu tara irin waɗannan na'urori ba aikinta suke saye ba, don agogon hannunsu ma ya fi ta aiki. Tana cikin na farko-farkon da aka fara ƙera wa mutum ya ajiye a gidansa, lokacin da kwamfuta sai ma'aikatu. Kaɗan aka yi, da hannu aka harhaɗa su, kuma mafi yawansu an zubar da su a bola tun da daɗewa. Waɗanda suka fara koyon sana'a a kan irinta suna samari, yau su ne manyan masu kuɗi, suna neman abin da zai tuna musu mafarinsu, ga kuma gidajen tarihi suna nema, shi ya sa in ɗaya ta fito ake rububinta. Amma da yake kuɗin ya yi yawa, masu yin jabu ma sun yi yawa. Don haka abin da ake biya shi ne shaida: lambar da maƙeranta suka rubuta da hannunsu, kayan cikinta na asali ko da sun kumbura, da sanin hannun da ta bi tun daga ranar farko.

Ya ce, "Sunan Baturen nan da na gani a hoto, mun bincika, mun samu iyalinsa, sun tabbatar ya tafi da ita Najeriya. Tabon butar nan ma, labarinsa kaɗai zai sa a ƙara farashi. Kwamfutar da ta yi shekaru a Jalingo wani dattijo yana kunna ta duk Juma'a! Yanzu kuwa ko na rantse musu ba wanda zai yarda. Katako ne da waya."

Duk gwanintata ita ce raba kaya da tarihinsa, ashe tarihin ne kaɗai abin sayarwa a jikinta. Ina zaune a haka 'yan sanda suka shigo, ashe tun ranar da na kira shi ya gane ya kai rahoto, ko motsi ban yi ba.

A kotu Bappa ya tashi, Adda Dija tana riƙe da hannunsa, ya ce shi ya yafe, a sakar masa yaronsa. Amma an riga an je bayan shagon walda, an kwaso kayan mutane da yawa da suka bi ta hannuna, kuma su ba su yafe ba. Alƙali ya yanke mini shekaru.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai yunwa, akwai ƙaiƙayi, akwai ranar da aka yi faɗa a kan wurin kwanciya wani ya fasa mini goshi da bakin kwano, tabon yana nan. Abin da ya fi waɗannan ciwo shi ne ƙunshin dambun nama da ke zuwa mini duk Sallah daga Barade, da saƙon baki ta wurin mahaifiyata: a gaya wa Kaɗo kada ya bar yatsunsa su manta aiki. Na zana madannai a jikin kwali ina bugawa. A bakinta kuma na ji cewa an yi ta haɗa kuɗin asibiti kaɗan-kaɗan, amma kafin su cika lokaci ya wuce. Idon Bappa ya rufe gaba ɗaya ina ciki.

Da aka sake ni, na riga na gama shiri. Zan tafi wani gari mai nisa inda ba wanda ya san ni, in canja suna, in riƙa jawo hula ta rufe goshina. Mahaifiyata ta ce ba inda za ni sai na je Barade. Na fi son a mayar da ni kurkuku da wannan tafiyar, amma na je.

An rufe shagon, Bappa yana gida. Na same shi a zaure a kan buzu, ya rame, biro na nan a aljihunsa. Na yi sallama.

Ya ce, "Kaɗo ne? Ka yi latti, an sauko daga masallaci tun ɗazu."

Sai a lokacin na tuna ranar Juma'a ce. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya ce wannan maganar an gama ta a kotu. Ya nuna gefensa. Goggo tana nan a kan tebur, kotu ta mayar masa, da mayafin Inna a kanta. Ya yaye, ya ɗora tafin hannunsa yana shafa katakon daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, "Ka iya aiki, ba ƙarya. Sumul. Ka san da idon ya tafi, na ce ba komai, ai ina da hannu. Zan taɓa wurin butar in ga Inna, in taɓa wurin cokalin in ga Dija tana rarrafe. Sai na shafa, na shafa, ban samu kowa ba."

Na kifa kaina a ƙasa ina kuka kamar yaro. Na gaya masa zan bar garin, zan je inda ba a san ni ba, in fara sabuwar rayuwa da sabon suna. Ya ce in matso. Ya lalubo fuskata da hannu biyu, ya ture hular, yatsansa ya tsaya a kan tabon goshina.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "A can na samu, Bappa."

Ya ce, "To wannan kada ka goge. Ka yi wa Goggo wanka, yanzu kuma kanka za ka yi wa? Zauna a inda aka san ka, bingel am. Tashi ka kunna ta, ka karanta mini abin da ta ce."

Bingel am, wato ɗana. Na tashi na kunna. Ta kawo haruffa, na ce masa ta tashi, ya ce alhamdu lillahi.

Ban bar Jalingo ba. Ina gyaran waya da kwamfuta a wata 'yar rumfa a Sintali, kuma akwai waɗanda har yau in sun ba ni waya sai sun tsaya a kaina har in gama. Ba na jin haushi, da gaskiyarsu. Na tuba ga Allah, na bi waɗanda na iya samu na nemi gafararsu, wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa. Adda Dija ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, yanzu tana amsawa a taƙaice, kuma hakan ma na gode.

Ku ƙannena, ga abin da nake roƙonku. Canjin da ba naku ba, ku bi mai shi ku ba shi, ko nawa ne, don daga nan nawa ya fara. In babba ya gan ku da laifi ya yi shiru, kada ku ɗauka bai gani ba, kunya yake ara muku. Duk wanda ya ce zai koya muku kankare lamba a jikin kayan wani, ku tashi daga wurin tun kafin ya yaba hannunku. Kuma in dattijo ya zaunar da ku yana ba ku labarin wani tsohon abu da kuka ji har kuka gaji, ku ƙara saurara. Ni an yafe mini, amma yafiyar ba ta dawo wa Bappa da idonsa ba. Duk Juma'a in an sauko ina zuwa Barade in kunna Goggo, shi kuma ya ɗora hannunsa a goshina, ya ba ni labarin butar Inna.